Motar Bashi: Tambayar Da Muke Jin Kunyar Yi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shatale-talen Mando da ƙarfe bakwai na safiyar Litinin ya san abin da ke sa ƙaramin ma'aikaci mafarkin mota. Ga manyan motoci suna fitowa daga hanyar Birnin Gwari, ga masu sammakon filin jirgin sama, ga motocin soja daga Afaka, ga 'yan kamasho suna ta kiran fasinja a bakin tasha. Shi kuwa bawan Allah yana tsaye da gogaggiyar riga da fayil a hammata, yana kokawar samun gurbi a bas ko keken da zai kai shi Kawo, daga can kuma ya sake wata kokawar kafin ya isa ofis. In damina ce ya isa a jiƙe, in hunturu ne ya isa fari fat da ƙura. Sa'an nan in ya ɗaga kai sai ya hangi motoci jere a filayen dillalai a gefen titi, an wanke an goge suna ta ƙyalli kamar suna yafuto shi. Ba mu ga laifinsa ba in zuciyarsa ta raya masa wani abu. Mu ɗin ma da muke zaune a azuzuwa yau, da yawanmu mun riga mun zaɓi launin motar da za mu saya tun ba mu ga takardar ɗaukar aiki ba.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a kan wannan al'amari shi ne abin da ya sami wani ɗan'uwanmu, tsohon ɗan wannan ƙungiya, wanda ba za mu ambaci sunansa ba, ba kuwa za mu ambaci filin da ya yi ciniki ba. Ya gama karatu, ya yi bautar ƙasa, Allah ya ba shi aikin gwamnati, ya yi aure ya kama haya a Mando. A shekarar 2024 ya ga wata Toyota ta hannu, an yi mata kuɗi naira miliyan 6 in lakadan ne. Ya sayar da ɗan filin da ya gada ya ba da miliyan 2 kafin alƙalami, sauran miliyan 4 kuwa aka ce ya riƙa biya wata-wata har shekara biyu, da ƙarin kashi 20 cikin 100 a shekara. Tambaya ɗaya tak ya yi: "Alhaji, nawa zan riƙa kawowa a wata?" Aka ce masa naira 233,333. Ya haɗa albashinsa da na maiɗakinsa da ɗan kabu-kabun da zai riƙa yi da yamma, ya ga za a iya lallaɓawa. Ya sa hannu, aka shafa fatiha, aka miƙa masa makulli.

Wata goma sha biyu ya yi yana biya bai taɓa saɓa rana ba, ko da yake gidansa ne ya san yadda aka yi. Sai wani kawunsa ya ji tausayinsa ya ce zai taimaka a rufe bashin gaba ɗaya. Ɗan'uwanmu ya zauna ya yi lissafinsa: ya ci bashin miliyan 4, ya biya miliyan 2 da dubu 800, watau saura miliyan 1 da dubu 200, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ya tafi filin da fara'arsa ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, na zo in ji abin da ya rage, ina so in sauke nauyin nan." Alhaji ya buɗe littafi ya duba, ya ce, "Ɗana, saura miliyan 2 da dubu 800." Ya zaci kunnensa ne bai ji daidai ba. Aka ɗauko takardar yarjejeniya, ashe shafi ɗaya ce: lambar mota, kuɗin wata, yawan watanni, da sharaɗin cewa in ya yi jinkiri za a ɗauke mota. Babu kalma ko ɗaya a kan abin da zai faru in mutum ya zo biya kafin wa'adi. A zahiri ba wanda ya yi masa ƙarya. Abin da bai tambaya ba, ba a gaya masa ba.

Ra'ayinmu a nan a fili yake. Mutumin da ya share shekara goma sha shida yana karatu ba shi da hujjar sa hannu a kan bashin da ba zai iya faɗin abubuwa uku game da shi ba: jimlar abin da zai biya, ainihin ruwan da aka ɗora masa, da ragowar da ake binsa a ƙarshen kowane wata. Mai sayarwar da ya ƙi rubuta waɗannan ukun kuwa bai cancanci a yi ciniki da shi ba, kome kyan motarsa, kome kuma daɗin bakinsa.

Yana da kyau mu waiwaya mu ga inda muka gaji wannan ɗabi'a ta tambayar kuɗin wata kaɗai. A shekarun 1970 gwamnati ce da kanta take ba ma'aikacin da ya kai wani mataki rancen mota, ta riƙa cira a albashinsa a hankali, ta kuma haɗa masa da alawus na kula da motar. Hukumar Udoji ta miƙa rahotonta a 1974, aka ƙara albashi aka biya ariyas, kuɗi suka wadata a hannun ma'aikata. A 1975 kamfanin Fijo ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, can ƙetaren kogi a nan Kaduna, saboda haka wanda ya fito daga jami'a a wancan zamani ba ya daɗewa sai a gan shi cikin sabuwar mota fil. Mai ba da rance da mai biyan albashi duk abu ɗaya ne, lissafi yana ofishin akanta, ba wanda ke neman cin riba da kai. A irin wannan hali, wanda ya tambayi nawa za a riƙa cire masa a wata ya gama tambaya.

Wannan zamani bai daɗe ba. A ƙarshen shekarun 1970 aka soke rancen mota da alawus ɗinsa, har maido da su ya zama ɗaya daga cikin bukatun Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya a yajin aikin gama-gari na watan Mayun 1981, lokacin shugabancin Hassan Sunmonu. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta karye, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwa ta koma hannun 'yan Kwatano da 'yan Baljiyam. A 2003 aka mai da yawancin alfarmomin ma'aikatan tarayya kuɗi a cikin albashi, kowa ya ji da kansa. A watan Mayun 2023 aka janye tallafin mai, a watan Yuni aka sakar wa naira mara, dalar da ake canzawa wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a cikin 2024, farashin motocin hannu ya bi ta. Ma'aunin ruwan Babban Bankin Nijeriya, wanda yake kashi 11.5 a farkon 2022, ya kai kashi 27.5 a Nuwamban 2024. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ba da lamuni ga masu saye, watau CREDICORP, a 2024, amma mafi yawan masu ciniki a filayen Mando da Kawo har yanzu da dillali suke yi, ko da ƙaramin banki, ko da mai ba da kuɗi da ruwa. Mai bin bashi ya sauya, mu kuwa muna nan da tambayar iyayenmu.

To, bari mu yi lissafin da ɗan'uwanmu bai yi ba. Hanya biyu ake bi wajen ɗora ruwa a kan bashi, kuma dukansu ana iya kiransu "kashi 20 a shekara". Ta farko za mu kira ta lissafin dunƙule. A nan ana ɗaukar uwar kuɗin da aka ranta tun ranar farko, a ɗora mata ruwan dukan wa'adin, a dunƙule su wuri ɗaya, a raba da yawan watanni. Kashi 20 na miliyan 4 shi ne dubu 800, shekara biyu miliyan 1 da dubu 600 ke nan, jimla miliyan 5 da dubu 600, in an raba gida 24 a sami naira 233,333. Ta biyu za mu kira ta lissafin ragowa. A nan kowane wata ana duba abin da ya saura na uwar kuɗi, a kansa kaɗai ake ɗora ruwa, saboda haka bashi yana raguwa ruwansa yana raguwa. Da an bi wannan hanya a kan kashi 20 ɗin nan, da abin da zai riƙa biya a wata bai wuce naira 203,600 ba, ruwan shekara biyu kuma wajen naira 886,000 ne. Bambancin hanyoyin nan biyu ya haura naira dubu 700, alhali suna ɗaya aka kira su da shi.

Dalilin bambancin ba boyayye ba ne. A lissafin dunƙule, mutum yana biyan ruwan miliyan 4 cur har a watan ƙarshe, lokacin da abin da ya rage a hannunsa na uwar kuɗi bai kai dubu 200 ba. Watau yana biyan hayar kuɗin da ya riga ya mayar wa mai su. In aka auna wannan ciniki da ma'aunin ragowa, wanda shi ne ma'aunin gaskiya, ruwan da ɗan'uwanmu ya biya ya doshi kashi 35 a shekara. Wannan ƙa'ida ce da ya kamata kowa ya haddace: duk ruwan da aka faɗa maka a lissafin dunƙule, ainihinsa ya kusa ninki biyu. Mafi muni kuma su ne masu cewa "kashi 5 ne kacal a wata". Kashi 5 na miliyan 4 dubu 200 ne, a shekara miliyan 2 da dubu 400, kuma in dunƙule ne na wata goma sha biyu, ainihin ruwan ya haura kashi 95 a shekara. Kalmar "kacal" ɗin nan ita ce ƙugiyar.

Sai maganar ragowa, wadda ita ce ta tsai da ɗan'uwanmu a gaban Alhaji baki buɗe. A kan wannan bashi guda, a rana guda, ana iya fitar da amsa huɗu. Ta farko ita ce tasa, miliyan 1 da dubu 200, kuma kuskure ce, domin ya ɗauka duk abin da ya biya uwar kuɗi yake ci, ya manta da ruwa. Ta biyu ita ce a ce an yi rabin wa'adi, an biya rabin uwar kuɗi da rabin ruwa, a yafe ruwan shekarar da ba a shiga ba, saura miliyan 2 daidai. Ta uku wata tsohuwar hanya ce ta masu ba da lamuni da ake kira lissafin 78, inda watannin farko suke ɗaukar kaso mafi tsoka na ruwa. In aka tara lambobi daga 1 zuwa 24 za a sami 300, sai a ce watan farko ya ɗauki kaso 24 cikin 300 na ruwan, na biyu 23, haka har ƙasa. Watanni goma sha biyun da suka rage kasonsu 78 ne kawai cikin 300, watau naira 416,000 za a yafe, saura 2,384,000. Ta huɗu ita ce ta Alhaji, ba a yafe ko kwabo, miliyan 2 da dubu 800. Tsakanin ta biyu da ta huɗu akwai naira dubu 800, kuma abin da zai raba gardama shi ne layi ɗaya a cikin takarda. In ba a rubuta layin ba, maganar mai riƙe da takardun mota ce za ta tabbata.

Har ila yau akwai ƙananan kuɗaɗen da ba sa fitowa a bakin dillali sai an zo sa hannu: kuɗin fom, kuɗin lauya, kuɗin na'urar bin sawun mota, la'adar wanda ya haɗa cinikin, da tarar jinkiri. Mai ba da lamuni kan tilasta cikakkiyar inshora, wadda hukumar inshora ta ƙasa ta ƙayyade daga Janairun 2023 cewa kada ta gaza kashi 5 na darajar mota, watau naira dubu 300 a shekarar farko ga motar miliyan 6. Duk wannan kafin a zuba mai, kafin bakanike ya buɗe bonet. Ga kuma ma'auni mai sauƙi da Dokar Ƙwadago ta ba mu, inda ta hana a cire wa lebura ko akawu fiye da sulusin albashinsa a wata. In muka ari wannan ma'auni, wanda zai biya naira 233,333 ba tare da ya takura gidansa ba sai mai samun dubu 700 a wata, watau ninki goma na mafi ƙarancin albashin naira dubu 70 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Ƙananan ma'aikata nawa ne a cikinmu za su fara daga nan?

Abin takaici shi ne doka ba ta bar mu a banza ba, mu ne ba mu karanta ta ba. Tun 1965 akwai dokar tarayya a kan cinikin da ake kira haya-faces, watau inda mota take zama mallakar mai sayarwa har sai an biya kason ƙarshe. Dokar ta wajabta a sanar da mai saye farashin lakadan, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da farashin lakadan da na bashi, da kafin alƙalamin da aka bayar, da kuɗin kowane kaso da ranar biyansa, da ainihin ruwan da aka ɗora, a kuma ba shi kwafi. Ta ba shi damar ya rubuta takarda ya nemi bayanin abin da ya biya da abin da ya rage. Ta kuma ce in mai sayen mota ya biya kashi uku cikin biyar na jimlar kuɗin, ba a ƙwace ta sai ta hanyar kotu, illa dai in kaso uku sun taru bai biya ba, mai ita yana iya ɗauke ta ya adana kafin kotu ta yanke hukunci. A cinikin ɗan'uwanmu jimlar ita ce miliyan 7 da dubu 600, kashi uku cikin biyar miliyan 4 da dubu 560 ke nan, kuma ya tsallake wannan iyaka tun biyan wata na goma sha ɗaya. Bai sani ba. Ya ci gaba da kwana da fargabar sharaɗin nan na ɗauke mota.

Wanda ya bi ta banki kuwa, mota tasa ce amma jingina take, kuma tun Agustan 2020 Babban Banki ya yarje wa bankuna su bi wanda ya gaza biya zuwa asusunsa na sauran bankuna ta hanyar lambar BVN. Bankuna dai akwai mai sa musu ido, akwai inda ake kai ƙararsu. Dillalin bakin titi ba ya ƙarƙashin Babban Banki, abin da ke tsakaninka da shi takarda ce da shaidu.

Kada mu zaci wannan ciwo namu ne mu kaɗai. Amurka sai da ta kafa doka a 1968 ta tilasta wa masu ba da lamuni su bayyana ainihin ruwan shekara a ma'auni ɗaya, domin mai saye ya iya kwatanta wannan da wancan. A Ingila an daɗe dillalan motoci suna karɓar la'ada daga kamfanonin lamuni, la'adar da take ƙaruwa gwargwadon yadda suka ɗaga wa mai saye ruwa, har hukumar kula da harkokin kuɗi ta haramta wannan tsari a Janairun 2021. A Agustan 2025 Kotun Ƙolin ƙasar, ko da yake ba ta karɓi dukan ƙorafe-ƙorafen masu saye ba, ta yanke cewa an ci zalin ɗaya daga cikinsu saboda an ɓoye masa la'ada mai yawan gaske. Darasin da ke ciki gare mu shi ne, in dillali ya ce, "Zan haɗa ka da masu ba da kuɗi," to, a tambaye shi nawa ne nasa a ciki, domin daga aljihun mai saye zai fito.

Adalci ne kuma mu saurari ɓangaren Alhaji, don ba mu ce dillalai ɓarayi ne ba. Zai ce mana a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, saboda haka wanda ya ba da kayansa bashi a kan ruwan da bai kai haka ba asara ya yi, domin kuɗin da za a dawo masa da su ba za su sayo irin motar ba. Zai ce akwai waɗanda suka karɓi mota suka ɓace, akwai waɗanda suka dawo da ita ragargaje, shari'a kuwa takan ɗauki shekaru. Duk wannan gaskiya ne, mun kuma yarda cewa wanda ya jira kuɗinsa shekara biyu ba zai sayar a farashin lakadan ba. Amma wannan hujja ce ta tsadar bashi, ba ta isa hujjar ɓoye tsadar ba. In kashi 35 ne cinikin zai yiwu, a ce kashi 35, mai iyawa ya ɗauka, marar iyawa ya haƙura ya ci gaba da hawa bas da mutuncinsa. Ɗan kasuwar da ya san farashinsa na gaskiya ne ba ya tsoron alƙalami.

Wasu kuma sukan ce su ba ruwansu da kuɗin ruwa, farashi biyu ne kawai, na hannu da na ajali. Jumhurin malamai sun halatta a sayar da kaya bashi a farashin da ya fi na lakadan, da sharaɗin a tsaya a kan farashi ɗaya sananne kafin a rabu. Abin da ba su halatta ba shi ne in wa'adi ya yi mutum ya gaza, a ƙara masa kuɗi saboda jinkiri, domin wannan shi ne ainihin ribar da aka haramta. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya buɗe ƙofa a 2012, Kaduna tana cikin rassansa uku na farko, suna yin murabaha, inda banki yake sayen motar ya bayyana kuɗin da ya saya da ribar da ya ɗora. Wannan tsari ne mai kyau, amma bai ɗauke wa kowa lissafi ba. Mai saye ya auna ribar nan da wa'adin, ya tambayi abin da za a sassauta masa in ya biya da wuri. Mu tuna kuma cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Wanda ya ce, "Haba, tsakaninmu har sai an yi rubutu?" ya sani an riga an amsa masa tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce.

A ganinmu tushen matsalar kunya ce. Muna jin nauyin mu tsare dattijo sa'an mahaifinmu da tambayoyi. Muna tsoron a ce mu talakawa ne, ko a ce boko ya sa mana rashin yarda. Muna kuma gudun a gane cewa da digirinmu ba mu fahimci abin da aka faɗa ba. Ga abokin da ya raka mu yana ta yaba mota, ga dillali yana cewa wani ya riga ya taya, in ba a ba da kuɗi yau ba gobe babu ita. Haka nan za a sa hannu cikin minti goma a kan abin da zai mallaki albashin shekara biyu. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma dubu ba sa fitarwa. Ladabi bai hana tambaya ba. Ana iya durƙusawa a gai da Alhaji, a ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a rubuta mini, in je in nuna a gida."

Abin da za a rubuta kuwa shi ne: farashin lakadan da jimlar farashin bashi, kowanne da lambarsa, ko ruwan na dunƙule ne ko na ragowa, jadawalin da ya nuna wata-wata nawa ya tafi ga uwar kuɗi, nawa ya tafi ga ruwa, nawa ya saura, abin da za a yafe in an biya kafin wa'adi, tarar jinkiri da yadda ake ƙirga ta, dukan ƙananan kuɗaɗe da la'ada, sunan wanda motar take hannunsa a takarda da ranar da za ta koma sunan mai saye, da abin da zai faru da kuɗin da aka riga aka biya in an ɗauke mota. Kowane biya a karɓi rasit mai nuna ragowa. A binciki takardun kwastan, domin tun da aka hana shigo da motoci ta iyakokin tudu a Janairun 2017 da yawa sun biyo ta ɓarauniyar hanya, kuma in kwastan suka kama mota bashinta ba ya tafiya tare da ita. A duba rajistar kayan jingina da Babban Banki ya buɗe a 2016, kada a sayi motar da wani ya riga ya jinginar. Wanda aka roƙa ya tsaya wa abokinsa kuma ya karanta takardar kamar shi ne mai cin bashin, domin ran da abin ya ɓaci ƙofarsa za a ƙwanƙwasa.

Muna kira ga shugabannin wannan ƙungiya su ware rana ɗaya a mako a ofishin ƙungiya, inda ɗaliban lissafi da na akanta da na shari'a za su zauna su duba wa jama'a irin waɗannan takardu kyauta, ɗalibi ne ko ma'aikaci ko direban keke mai kai balas, domin shi ma irin wannan igiya ce a wuyansa. Ilmin da bai iya kare albashin mai shi da na maƙwabcinsa ba, ado ne kawai. Muna kira ga ƙungiyoyin ma'aikata su ƙarfafa asusun taimakon juna da adashi, inda mai ba da rance da mai karɓa duk 'yan gida ɗaya ne kuma littafi a buɗe yake. Muna kuma kira ga shugabannin dillalan motoci na Kaduna su fito da takardar yarjejeniya iri ɗaya, da Hausa da Turanci, wadda kowane fili zai yi amfani da ita. Wannan zai kare masu gaskiya a cikinsu kafin ya kare mu.

Ɗan'uwanmu dai sai da kawunsa ya tattara dattawa biyu aka je aka zauna, aka yi ta ja-in-ja har la'asar, Alhaji ya sassauta dubu 300 a matsayin alfarma, aka biya miliyan 2 da rabi aka karɓi takardu. Motar tana nan yana hawa, filin gado kuwa ya tafi. Da muka tambaye shi abin da zai gaya wa ƙannensa da ke wannan jami'a, sai ya ce su riƙe biro da takarda ran da za su je ciniki, su kwana ɗaya a kan lissafin kafin su sa hannu, in an ce motar ba za ta kai gobe ba, su bar ta ta tafi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Allah ya ba mu abin hawa na halal, ya raba mu da bashin da ba mu san ƙarshensa ba, amin.